Tsinken tsawa ba tare da wayar ƙasa ba

Jama'ar Damagaram ina da magana kan gine-ginen nan da muke ta ɗagawa, bene hawa biyu hawa uku, hasumiyar masallaci, tankin ruwa kan ƙarfe, ga sola ga eriya duk a kan rufi, amma in ka tambayi maigida ina maganin tsawa sai ya nuna maka wani tsinken ƙarfe can ƙololuwa ya ce gashi nan. To Alhaji wayar da ta sauko daga jikinsa ina ta shiga?

Shi tsinken nan ba korar aradu yake ba, hanya yake ba ta. Tun zamanin masanin kimiyya Benjamin Franklin a Amurka wajen 1752 dabarar kenan, ta sauka kan ƙarfe ta bi wayar tagulla mai kauri ta nutse ƙasa. In an yanke wayar, ko ɓarayin tagulla sun kwashe, wutar da ta kai amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) dubu 30 dole ta nemi hanyarta, sai ta bi rodin gini ko wayar kuran ɗin ɗaki ko famfo, inda iyali suke zaune.

Dubi jirgin sama. Jirgin fasinja kusan duk shekara sai tsawa ta same shi, kuma yana sama ba wata ƙasa da yake taɓawa, amma ta shiga ta hanci ta bi fatar alminiyom ta fita ta wutsiya, mutane na ciki lafiya lau. Sabbin irin su Boeing 787 da jikinsu ba ƙarfe ne zalla ba har ragar tagulla ake shimfiɗa musu saboda wutar ta samu wurin bi.

Mu kuma matsalarmu ƙasar ce. Zinder dutse ne da yashi, wanda ya taɓa haƙa rami wajen unguwar Birni ya sani, kuma busasshiyar ƙasa ba ta shan wuta da sauƙi. Sandar tagulla ɗaya 'yar guntuwa da aka soka gindin katanga wallahi ba ta isa ba, sai an binne da yawa an haɗe su, a nemi inda ke da laima. Gishiri da gawayin da masu gyaran wuta ke zubawa suna taimako amma gishirin na cin ƙarfe a hankali, shi ya sa ake sake dubawa.

Don Allah kwamitocin masallatai da masu makarantu, kafin hadarin Yuni ya haɗo ku kira mai aikin ya zo da na'urar awo, ku tsaya a kansa ya gwada turjiyar da ƙasa ke yi wa wutar a gabanku, abin da ake so kar ya wuce om 10 (om shi ne ma'aunin turjiyar).