Basakkwace da raƙumin Giza

Tunda ɗan Gwadabawan nan, abokin ɗakina a Misra, ya sake tono bidiyon da ya ɗauke ni a kan raƙumi jiya a majalisarmu ta Mabera, har mai shayi ya bar ƙwai yana ƙonewa ya zo leƙe, gara in ba da labarin da bakina, domin abin da yake nuna muku daƙiƙa 40 ne kawai, kuma ya yanke farkon da gangan.

Kun dai san zaman da muka yi a Alƙahira, a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, inda ake ajiye ɗaliban Azhar na ƙasashen waje. Hutun mako a Misra Juma'a ne da Asabar, to muka ɗora wa kanmu cewa kowace Asabar sai mun fita ganin gari, kada mu dawo gida a tambaye mu mu yi zuru. Mun je ganuwar Salahuddin da masallacin Muhammad Ali, mun ɓace a kasuwar Khan Khalili, mun shiga jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya mun ga teku, duk lafiya lau. Sai ranar Giza.

Na ci ado ranar. Farar shadda ce da aka ɗinka mini ta Sallah, da hular da na ɓoye a ƙasan akwati wata takwas, saboda hoton gida za a tura. Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Giza, daga nan ƙaramar bas ta bi da mu titin Haram. Da katin ɗalibi rabin kuɗi ake biya a ƙofa. Dalar Khufu kuwa, wadda aka ce ta haura shekara 4,500 kuma tsayinta na asali ya kai mita 146, in ka tsaya a gindinta ka ɗaga kai sai hula ta nemi faɗuwa, dutse ɗaya ma ya kusa kai mini ƙirji. Ban gama mamaki ba wani Bamisre ya ja raƙumi ya sha gabanmu yana "gamal, gamal, ya basha", don su jimun ɗinsu "g" suke mayar da shi.

Sauran suka ja baya. Ni kuwa bakina ya jawo mini. Na dubi yaran Kano biyu da ke cikinmu na ce, "Ku kauce, wanga ba aikinku ba na. Mu raƙumi a ƙohwar gida muka ganin shi." Kuma ban yi ƙarya ba, ganin shi muke yi. Kawuna shekara da shekaru yana cinikin raƙuma a Kara, ina yaro na sha bin ayarin Buzaye da gudu ina ihu. Abin da ban faɗa ba shi ne ban taɓa ɗora ƙafata a kan ko ɗaya ba.

Muka yi ciniki fam 50 na Misra. Amalen yana durƙushe yana tuƙa, an yi masa ado da tuntaye ja da kore kamar dokin hawan Sallah. Na tattare riga, na haye sirdi, na gyara hula, na saki hannu biyu don a ɗauke ni hoto ina nuna dala. Mutumin ya yi wani sauti da baki.

Jama'a, raƙumi da ƙafafun baya yake fara miƙewa. Duk Sakkwato ba wanda ya taɓa gaya mini wannan. Kafin in ce Innalillahi duniya ta karkace, na zube gaba, ƙahon sirdin ya nushe ni a ciki, na rungume wuyan dabba da hannu biyu, fuskata cikin gashinsa mai warin tsohon buhu. Hula ta yi nata wuri. Ban gama dawowa hayyacina ba ya miƙe da na gaba, sai na koma baya kamar an fizge ni, ƙafafuna sama. A nan ne na ji wani abu ya ce ɗas a ƙuguna. Tazugen wandona ne.

Yanzu ku auna. Ina can sama, ƙasa ta yi nisa, hannu ɗaya ya damƙe sirdi, ɗaya ya damƙe wando ta cikin riga, raƙumi yana tafiyar nan tasa ta rangaji, kowane taku wandon yana ƙara neman hanyarsa. Ga wata motar 'yan yawon buɗe ido ta juye tsofaffin Turawa, sun juya wa abin da suka biya kuɗin jirgi don su gani baya, sun saita ni da kyamara. Wata tsohuwa har tafi take yi mini.

Na ce a sauke ni. Matsalar ita ce duk Larabcin kasuwa da na tsinta a wata takwas ya gudu, sai na allo ya rage. Na ɗaga murya na ce, "Anzilni ya akhi, inni kha'ifun!" har da tanwini. Mai raƙumin ya tsaya, ya dube ni, ya haɗa hannu a ƙirji ya ce, "Sadaƙallahul azim." Abokan sana'arsa suka kwashe da dariya, ɗaya har da riƙe ciki. Sannan cikin natsuwa ya fahimtar da ni cewa fam 50 kuɗin hawa ne, sauka nata daban. Fam 200.

Ina ɗan Gwadabawa a duk wannan lokacin? Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai, ba raƙumin ba, raƙumi dabba ne. Mutumin da muke ɗaki ɗaya, wanda ya cinye rabin kilishin da Inna ta aiko mini ya ce ɓera ne, a hawa na huɗu, ɓeran da ya iya mayar da ƙullin leda yadda yake. Mutumin da na yi jinya kwana uku da koshari, abincin nan nasu na shinkafa da taliya, ya ɓata masa ciki. Walat ɗina yana aljihunsa, don ni na ba shi kada ya ɓata mini zubin riga. Ina kiran shi, "Malam, biya shi, don Allah biya shi!" shi kuwa yana zagaye raƙumi da waya yana neman inda haske ya fi kyau. In kun saurara da kyau a bidiyon za ku ji shi yana cewa, "Ɗan ƙara riƙewa, ban samu dalar ba." Kuma da ya ga dama ya biya, ko tayi bai yi ba, ya zaro 200 cif ya miƙa, kuɗina, har yana ce wa mutumin shukran. Shi da yake rabin sa'a yana ja-in-ja a kan kuɗin tumatir.

Saukar ba zan yi dogon bayani ba. Raƙumi da gaba yake fara durƙusawa, wannan ma a ranar na sani. Da igiyar cajar wani yaron Kano na ɗaure wando, haka na je gaban Abul Haul, gunkin nan mai kan mutum da jikin zaki, aka yi hoton da kuka gani ina tsaye ƙiƙam ba murmushi, har wasunku suka ce na yi kwarjini.

Kafin mu koma Abbasiyya bidiyo ya riga ni isa Sakkwato. Bayan isha'i Kawu ya kira, ko gaisuwa bai bari na gama ba. "Kai yanzu duk raƙuman da ag ga Kara ba su ishe ka ba, sai da kat tahi Misra ka biya kuɗi a kunyata mu?" Na ce a yi haƙuri, Kawu. Ya tambayi nawa na biya, na rage na ce 100, ya yi salati ya kashe waya. Har yau in na je gaishe shi a kasuwa sai ya sa yaransa su matsar da dabbobi, wai ga sarkin hawa ya iso.

Hular dai ban same ta ba. Shi kuma yaron Kanon, shekara nawa yanzu, duk Sallah sai ya turo mini barka da Sallah, a ƙasa ya rubuta ina cajarsa.