Harbi uku ba hujja ba ne

Wanda ya tura wancan saƙon murya a zaurenmu na WhatsApp daren Juma'a ya san kansa, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Yaro ya kalli bidiyon 'yan Amurka na mako biyu, ya dawo yana koya wa Baba Alhaji, mutumin da ya riƙe bindigar farauta tun kafin a haifi ubansa, wai harbinsa na warwatsewa ne saboda kan harsashinsa bai taɓa tsagin cikin bututun bindiga ba, wato layukan nan da ke sa harsashi ya fita yana juyawa. Wai a zaro shi gaba har ya manne da tsagin, shi ke nan an gama. Hujjarsa? Hoton takardar da aka harba, mai rami uku.

Rami uku, jama'a!

Ba na musun cewa zurfin da aka dasa kan harsashi a cikin kwanso yana da tasiri. Na zauna shekara huɗu a Amurka tare da masu ɗura harsashinsu da hannu, na ga yadda suke auna tazarar da kan harsashi zai yi tsalle kafin ya kama tsagi. Da yawansu suna farawa daga inci 0.020, wato kusan rabin milimita, su matsa kaɗan-kaɗan. Kamfanin Berger mai ƙera kan harsashi da kansa ya ba masu dogayen harsasansa shawarar su gwada har zuwa inci 0.120 nesa da tsagin, domin wata bindigar a can take jin daɗi. To ina maganar dole sai ya taɓa? Kuma maƙogwaron bututu, wato farkonsa inda tsagin ke somawa, yana cinyewa da yawan harbi, inda tsagin yake a bara ba nan yake bana ba.

Amma duk wannan ba a gane shi da harbi uku. Ka harba uku su haɗu, ka sake harba uku da harsashi iri ɗaya su watse, wanne za ka ɗauka? Sa'a ce ta ba ka na farko, kai kuma ka ɗauki hotonsa ka ɓoye na biyu. Kawo mini ashirin a kan takarda ɗaya a mita 100, sannan mu yi magana. Wani ya ce harsashi da tsada. Na sani. Idan ba ka da kuɗin ashirin, ba ka da kuɗin yanke hukunci, ka yi shiru. Wani kuma ya ce ai zakarun gasa suna mannawa. Su suna da littafin da suke rubuta awonsu da sakamakon harbinsu, suna rage albarushi su hau a hankali, kuma ba a cikin mota suke barin harsashinsu ba.

Nan ne abin ya daina zama gardama a wurina. Manna kan harsashi da tsagi yana ɗaga matsin da ke cikin bindiga. Zafi ma yana ɗagawa, kuma kowa ya san Riyad a watan Yuli, ma'auni ya kai 45, akwatin harsashi ya wuni a bayan mota. Haɗa biyun nan a gaban fuskar dattijo mai shekara saba'in? Wallahi ba zan yi shiru ba. Ga shi idan ka fasa harbi ka ja sakatar bindiga don ka cire harsashin, kan harsashin na iya maƙalewa, albarushi ya zube a ciki. Harsashi mai lamba .308 wanda kamfani ya ɗura ba ya wuce inci 2.810 a tsawo, an yi shi ne ya shiga kowace bindiga mai wannan lambar lafiya. Baba, ka riƙe na kamfanin, ka gyara numfashi da jan kunama, idonka ne ya ɗan rage, ka je a duba maka tabarau.

Sannan ku masu barin kwanso da robobin ruwa a filin harbi, dattijon da ke share wurin ɗan Sakkwato ne, na gaisa da shi jiya, bayansa na ciwo. Bokiti na nan kusa da ƙofa.