Aikin limamin soja ya wuce jan sallah

Na karanta wani labari kan yadda malaman addini a rundunar sojan Amurka ke kula da sojojin da addininsu ba shi da mabiya da yawa, kuma wallahi ya taɓa min zuciya. Sai a 1993 rundunar ta samu limamin Musulmi na farko, Abdul-Rasheed Muhammad. Kafin nan, Musulmin da ke neman damar Juma'a ko abincin halal, fasto ko fada ne ke kai kukansa gun kwamanda. Ba zai ja masa sallah ba, amma wajibinsa ne ya samar masa wuri da lokaci.

Na so a ce labarin ya ambaci mabiya addinin Sikh, waɗanda barin gemu da naɗa rawani ke cikin addininsu. Shekara da shekaru ana sa su aske gemu su cire rawani, sai umarnin da rundunar sojan Amurka ta fitar a 2017 ya ba da damar rawani da gemu da hijabi.

Mu a Najeriya barikokinmu na da sashen Musulunci, na Katolika da na Furotesta. To sojan da ke bin addinin gargajiya fa, in ya faɗi a fagen daga, wa zai tsaya a binne shi yadda danginsa ke so?