Ba Kowane Darasi Ne Ke Buƙatar PowerPoint Ba

A manyan makarantunmu yau, malamin da ya shigo aji da kwamfuta da majigi shi ne wayayye, mai alli a hannu kuwa ana masa kallon wanda zamani ya bari a baya. Wannan ma'auni yana cutar da ɗalibai.

Tun asali ba don aji aka yi PowerPoint ba, wato manhajar kwamfuta da ake shirya shafukan da ake haskawa a majigi. Wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Forethought ne ya fitar da shi a 1987 domin masu gabatar da bayani a tarurrukan kasuwanci, kuma a shekarar Microsoft ya sayi kamfanin a kan dala miliyan 14. Mai tallar haja so yake ka amince da wuri. Malami kuwa so yake ka gane, ko da za a kwana ana maimaitawa.

Dubi malamin lissafi a gaban allo. Ya rubuta layi ɗaya, ya juyo ya ce, "To, yaya za mu yi da wannan bakwai ɗin?" Wata ta amsa daga baya, ta kuskure, ya rubuta amsar tata yadda ta faɗa har ajin ya ga inda ta karkace, sannan ya goge. Hannunsa da alƙalamin ɗalibai tafiyarsu ɗaya. A majigi kuwa amsa takan faɗo a kammale. Sai ka ga wayoyi sun ɗaga sama ana ɗaukar hoto, a tura zauren WhatsApp na aji, ba mai sake buɗewa sai daren jarrabawa.

Mafi muni shi ne malamin da zai cika shafi da rubutu, ya ba ɗalibai baya yana karanta musu. Masana irin su Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da John Sweller na Ostireliya sun daɗe da nuna cewa idan mutum yana jin magana kuma yana karanta ita wannan maganar a lokaci guda, nauyin yakan yi wa ƙwaƙwalwa yawa. Hoto tare da bayanin baki ya fi shiga.

Gutsuttsura bayani zuwa gajerun layuka ma yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci. Bayan kumbon Columbia ya tarwatse a ranar 1 ga Fabrairun 2003 da mutum bakwai a ciki, kwamitin bincike ya soki yadda NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta dogara da PowerPoint a madadin cikakken rahoto. A wani shafi da injiniyoyi suka gabatar tun kafin hatsarin, kanun yana kwantar da hankali, amma gargaɗin cewa ɓallin soson da ya ɓalle daga tankin mai ya bugi fiffiken kumbon lokacin tashi ya ninka wanda aka yi gwaji da shi sau ɗaruruwa yana can ƙasa da ƙananan haruffa. Idan ƙwararru za su tsallake shi, ina ga ɗan aji ɗaya a jami'a?

Ba cewa nake a jefar da majigi ba. Akwai abin da alli ba zai iya ba: yadda jini ke zagayawa a zuciya, ko taswirar Kogin Kwara tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar har ya haɗu da Binuwai a Lakwaja. A ɗakin lacca mai ɗaruruwan ɗalibai kuma, na kujerar ƙarshe ba ya ganin rubutun allo. A nan majigi alheri ne.

Amma a wurin da ake ɗauke wuta ba sallama, janareto kuma sai an yi lissafin mai, darasin da ke cikin kwamfuta kawai, ba ya cikin kan malami, yakan mutu da zarar allon ya yi duhu. Shi ya sa nake kira ga kwalejojin ilimi, kafin a ware kuɗin sayen sababbin majigai, su sa a cikin gwajin koyarwa cewa ɗalibi-malami sai ya gabatar da darasi ɗaya sau biyu, da majigi da kuma alli, kuma ya iya bayyana dalilin da ya sa ya zaɓi kowane hoto da ya haska.