Hirar Taurari: Wa Zai Ji Ta Bakin Wanda Ba Ya Ɗakin?

A daren wata Juma'a, a gidan yayata da ke Tudun Wada a Gusau, na tarar da mata biyar sun kewaye waya guda da aka jingina a jikin kular abinci, suna kallon hirar da ake yi da wata 'yar fim. Baƙuwar tana ba da labarin mutuwar aurenta, muryarta na rawa, kowa kuma ya yi tsit har aka manta da shayin da ke kan gawayi. Da shirin ya ƙare, Innarmu, wadda ba ta san sunan mai tambayar ko na mai amsawar ba, ta gyara zama ta ce da yayata: "To ɗiyata, shi mijin nan, wa ya ji ta bakinai?" Babu wadda ta ba ta amsa, kuma a ganina har yau masu shirya irin waɗannan shirye-shiryen ba su ba ta amsa ba.

Hira da taurarin fina-finan Hausa ba yau ta fara ba. Mujallar Fim ta soma fitowa a 1999, kuma a shafukanta mutane da yawa suka fara karanta maganar jaruman da suke gani a kaset. Bayan da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirin Kundin Kannywood ya kawo hirar cikin falo, sashen Hausa na BBC ya fito da Daga Bakin Mai Ita, sannan jaruma Hadiza Gabon ta buɗe nata shirin, Gabon's Room Talk Show, a YouTube. A nan Zamfara, inda aka rufe gidajen sinima lokacin da aka fara aiki da Shari'a a 2000, waya ce ta zama majigin kowane gida, kuma wanda bai da kuɗin data sai ya kai wayarsa shagon masu turi a zuba masa.

Abin da ya sa wannan salo ya karɓu a bayyane yake. Bahaushe ba ya buɗe cikinsa ga baƙo, kuma ɗan jarida mai takarda a hannu baƙo ne komai iya gaisuwarsa. Amma idan mai tambayar abokiyar sana'a ce, wadda aka sha rana tare da ita a wurin ɗaukar fim, aka kuma ci abinci a kwano ɗaya, sai kunya ta ragu, magana ta fito yadda take. Ta wannan hanya masu kallo suka fahimci cewa waɗanda suke gani cikin kwalliya su ma suna fama da kuɗin haya, da jinya, da maraici, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga sana'ar da aka daɗe ana yi wa kuɗin goro.

Sai dai kusancin da ke buɗe bakin baƙo shi ne kuma ke ɗaure harshen mai tambaya. Wanda zai sake haɗuwa da baƙonsa gobe a wurin biki ko wurin aiki ba zai iya ce masa, "A bara ba haka ka faɗa ba," ko "Ina shaidarka?" Saboda haka labari yakan tafi da ƙafa ɗaya. Wanda aka ambata kuwa, sau da yawa ba tauraro ba ne: tsohon miji ne mai shago a kasuwa, ko uwar miji, ko kishiya da ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba, ba ta kuma da mabiya ko ɗari da za su ji tata. Ko da ba a faɗi suna ba, mutanen unguwa sun san da wa ake, 'ya'yan da aka haifa a auren kuma gobe za su shiga aji tare da yaran da suka kalli hirar. Daga nan sai masu yanka bidiyo su ɗauki daƙiƙa talatin mafi zafi daga hirar awa guda, su saka a TikTok da Facebook da taken da ya fi maganar kanta muni, kuma wannan guntun shi ne abin da mafi yawan mutane za su gani.

Akwai misalin da ya nuna cewa ana iya yin abin da ya fi haka. A 2022, tsohuwar jaruma Ladin Cima ta faɗa a shirin Daga Bakin Mai Ita cewa kuɗin da ake ba ta a fim bai taka kara ya karya ba, maganar da ta girgiza masana'antar baki ɗaya. BBC ta koma ta ji ta bakin wasu manyan masu shirya fina-finai, suka kawo nasu bayanin, jama'a suka auna. Kukan dattijuwar bai faɗi ƙasa banza ba, waɗanda zargin ya shafa kuma ba a yanke musu hukunci a bayan idonsu ba. Dokokin Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, wadda aka kafa a 1992, sun tanadi haƙƙin mayar da martani ga wanda aka taɓa a rediyo ko talabijin, amma shirin da ke YouTube ba ya jiran lasisin kowa, don haka nauyin ya koma kan mai shirin shi kaɗai. Mu da muka tashi a ƙasar alƙalai mun san umarnin da Manzon Allah (SAW) ya ba Sayyidina Ali lokacin da ya tura shi Yaman, cewa kada ya yanke hukunci sai ya saurari na biyu kamar yadda ya saurari na farko.

Na san za a ce mata da yawa ba su da wani wurin da za su faɗi zaluncin da aka yi musu, kuma wannan gaskiya ce da ba zan musa ba, domin na ga matan da aka saka da 'ya'ya a hannu aka ce su yi haƙuri su yi shiru. Ba na kiran a rufe bakin kowa. Abin da nake cewa shi ne, tunda naɗar waɗannan shirye-shiryen ake yi kafin a sake su, akwai lokacin da za a kira wanda aka zarga a waya, a faɗa masa abin da aka ce, a karanta amsarsa a ƙarshen shirin, ko a sanar cewa an neme shi ya ƙi magana. Akwai kuma lokacin da za a cire duk abin da zai nuna yaro ko ya tona asirin gidan da bai shigo hirar ba.

Wani abin da ke damuna shi ne yadda zancen aure da rikici ke cinye lokacin da ya kamata a ba sana'ar kanta. Duk ɗalibin da ya taɓa bin tarihin makaɗan ƙasar nan, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ya san irin wahalar da ake sha kafin a samu wanda zai faɗi yadda suke tsara waƙa da yadda suke horar da 'yan amshi. Dattawan da suka fara wasan kwaikwayo a gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Sakkwato suna ta raguwa, kuma waɗanda suka rage suna da labarin yadda aka yi aiki da kyamara guda ba tare da rubutaccen labari ba. Masu waɗannan shirye-shiryen suna da kujera, da kyamara, da amincewar mutanen nan, kuma su ne za su iya zaunar da su su tambaye su tun suna da ƙarfin amsawa.