Jinyar Gwaggo

Littafin da uwargida take rubuta kuɗin gyaran mota ya cika a watan Yuli. Mai shafi 40 ne. Ba ta ce mini uffan ba, sai kawai ta sayo mai shafi 80 ta ajiye mini kusa da kwanon tuwo, ta ɗora biro a kai. Wanda ya daɗe da aure ya san wannan ya fi faɗa zafi.

Motar da ake magana a kanta Hilux ce a-kori-kura ƙirar 1994, mai ƙofa huɗu, da injin fetur 22R mai lita 2.4, silinda huɗu da kafireto, sannan ga ogzilari, wato giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja tare. Yara ne suka sa mata suna Gwaggo, saboda sai ta yi tari uku da safe kafin ta tashi, kuma ba a yi mata gaggawa. Aikinta ɗauko buhunan gero da wake daga Dawanau zuwa cikin gari. Ban taɓa jin ta yi ƙorafin nauyi ba. Ƙorafinta na cikin ciki ne.

Abin ya faro ne da wata 'yar ƙara. Kullum da safe idan na murza makulli sai in ji kar-kar-kar daga gaban inji, kamar daƙiƙa uku, sai ta yi shiru. Na kai wa Oga, bakanikena na shekara da shekaru. Ya kara kunne ya ce, "Alhaji, tafet ne." Aka jira inji ya yi zafi, aka buɗe murfin sama, aka saita bawul-bawul yadda ya dace, tazarar milimita 0.20 na shigar mai, 0.30 na fitar hayaƙi. Washegari kar-kar-kar. Sai na samo maganin da kowane mai tsohuwar mota ya sani: na ƙara sautin rediyo. Shekara biyu muna haka, ni da Gwaggo da labaran safe.

Daga nan ruwan lagireto ya fara raguwa. Lita guda duk kwana biyu, kuma ko ɗigo babu a ƙasa. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe kwalin a bushe ƙamas. Da na zaro sandar awon baƙin mai sai na ga abin da ya fi kama da kunun gyaɗa. Ga inda ruwana yake zuwa ke nan.

Oga bai ko sunkuya ba. "Tof gasket ne, Alhaji. Ya ƙone."

Magana ce mai kama hankali, don yawanci idan ruwa ya haɗu da mai, wannan shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji ake fara zargi. Aka sauke kan silinda, aka kai wurin masu gogewa suka share shi, aka sa sabon gasket. Na tsaya a kansu har aka ɗaure ƙusoshi goman nan daga tsakiya zuwa gefe, a zagaye uku, da sifana mai awon ƙarfin ɗauri da na aro, har Nm 78, ba da bututun ƙarfe da ƙarfin tuwo ba. Aka zuba sabon mai. Kwana tara, kunun gyaɗa ya dawo. Oga ya ce gasket ɗin ne jabu, ai ya gaya mini araha ba ta ado. Ban tuna ya gaya mini ba, amma na je Ƙofar Ruwa na sayo mai tsada a cikin ledarsa. Aka sake sauke kai, aka sake ɗaurewa, aka sake zuba mai. Wannan karon har kwana goma sha ɗaya muka samu, na fara yi wa maƙwabta lacca a kan amfanin sayen kaya masu kyau.

A sauka ta uku ne yaron gareji, wanda aikinsa wanke noti a cikin fetur da sayo shayi, ya haska tocilar wayarsa cikin ramin da sarƙar taimin take wucewa, ya ce, "Oga, me ya ci nan?"

Muka leƙa gaba ɗaya har kawunanmu suka haɗu. Layi biyu ne zurfafa a jikin murfin taimin, kamar sawun keke a yashi. Ga yadda abin yake: wannan inji sarƙa gare shi, ba bel ba, kuma akwai sanduna biyu da ke riƙe ta a hanya, na roba mai tauri. Idan sarƙa ta tsufa ta saki, tana bugun ta gefen direba duk safiya kafin mai ya hau ya tura abin ɗaure ta. Kar-kar-kar ɗina ke nan. Bugu yau bugu gobe, robar ta karye, gutsattsarinta suka faɗa kaskon mai, sarƙa ta koma gugar murfin, shi kuwa alminiyam ne. A bayan wurin da take gugar kuma hanyar ruwa ce mai zuwa famfon ruwa. Ta yi ta ci har ta huda. Gasket biyu da aka yi wa sharri ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Oga ya miƙe ya goge hannu ya ce, "Dama ina zarginsa." Yaron kuma aka aike shi sayen shayi.

Duk wanda wannan ya samu, kada ya yi rabin aiki. Sarƙa, haƙoranta na sama da na ƙasa, abin ɗaurewa, sandunan nan biyu (a nemi mai bayan ƙarfe idan an samu), murfin taimin, da sil ɗin gaba, duka a lokaci guda. A sauke kaskon mai a kwashe gutsattsarin roba, don suna toshe ragar da famfon mai ke zuƙa, mu mun kwashe cikin tafin hannu. A zuba mai mai araha a yi kwana biyu a zubar, sannan a zuba na kirki da sabuwar filta, saboda ragowar ruwa. Kuma akwai wata ƙaramar ƙusa a gaban kan silinda, tana ɓoye cikin tafkin mai a ƙasan haƙorin sama. Wanda ya manta da ita ya sa ƙarfe ya ɓanɓaro kai, zai koma Ƙofar Ruwa da kuka.

A wannan buɗewar ne kuma na gano babu tamostat a motar, wato abin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi. Oga ya ce ya cire tun tuni, "na ƙasar sanyi ne, mu nan Kano me za mu yi da shi?" Na sa aka mayar. Ba tare da shi ba inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman da hunturu, fetur ya tafi a banza, silinda ta riƙa cinyewa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, motar da ke shan lita 15 a kilomita 100 a cunkoson titin Katsina ba ta buƙatar a ƙara mata ƙishirwa.

To, inji ya gyaru, ya koma kamar agogo. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

A Agusta, bayan ruwan kwana, na ɗauko buhu goma sha biyu, ƙanin uwargida yana gefena. Na ce mu yanke ta wata hanya marar kwalta a bayan kasuwa. Ya dubi taɓon ya ce, "Yaya, anya?" Na yi murmushin manya. Na sauka na murza kan tayoyin gaba biyu daga FREE zuwa LOCK, na dawo na taka kuloci na ja ƙaramar sandar giya daga H2 har L4. Na ma yi masa bayani: a kwalta ba a sa wannan, don babu abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, idan aka yi kwana sai komai ya ɗaure, ƙarfe ya ci ƙarfe. Amma a taɓo, na ce masa, yau za ka ga abin da ya sa nake jinyar Gwaggo.

Muka shiga. Tsakiyar taɓo ta tsaya. Tayoyin baya suna ta juyi suna watsa laka har saman buhuna, na gaba kuwa suna tsaye kamar an kawo su kallo. Ina cikin ba ta wuta sai ga ɗan adaidaita sahu, ƙafa uku, da mata huɗu da buhun albasa, ya bi gefe ya wuce sumul. Har ya ɗago hannu ya ce, "Sannu Alhaji, Allah ya kiyaye."

Na tuɓe babbar riga na kwanta a laka na leƙa. Tsakanin akwatin ogzilari da aksul ɗin gaba, inda farfela, wato sandar da ke kai juyi ga tayoyin gaba, ya kamata ta kasance, babu komai. Ina hango sararin wancan gefen. Na kira Oga daga kwancen.

"Oga, ina farfelar gaba?"

"Au, Alhaji, ai mun cire ta tun shekara uku. Ba ka tuna lokacin da take karkarwa ba? Ka ce a kashe ƙarar ko ta halin ƙaƙa."

Na tuna. Na bar kan tayoyin a LOCK wata da watanni, farfelar tana ta juyi ba gaira ba dalili, kuros ɗinta kuwa, wato gaɓar da take lanƙwasawa, bai taɓa ganin giris ba tun da na sayi motar, alhali akwai 'yan nonuwan da aka yi masa domin haka, famfo biyu-uku duk lokacin juyen mai ya ishe shi. Ya bushe, ya cinye, mota ta kama rawa. Oga ya kashe ƙarar kamar yadda na ce. Shekara uku ina ɗauke da aksul ɗin gaba, da akwatin ogzilari, da fahariya, a motar da ƙafa biyu ke jan ta. 'Yan dako takwas ne suka sauke buhunan suka turo mu, suka sake lodawa, kowanne da kuɗinsa. Ƙanin uwargida bai yi dariya ba sai da muka isa gida, a can kuwa ya yi ta har da faɗuwa daga kan tabarma.

Farfelar na same ta a gareji. Ita ce ke tokare da rumfar da nake zama ina jiran gyara.

Daren nan na buɗe littafi mai shafi 40 da niyyar yanke hukunci. Na ware abin da kowace mota ke ci, tsohuwa ko sabuwa: taya, batir, birki, mai, fulogi. Wannan ba laifin Gwaggo ba ne. Na ware abin da ni da Oga muka jawo: gasket biyu, gugar kai, mai sau biyar, 'yan dako. Abin da ya rage na tsufa zalla bai kai yadda na zata ba. Washegari na ɗauki guduma na bi casis ɗin daga gaba zuwa baya, musamman wajen maƙalan sifirin na baya da gefen tankin mai inda laka ke kwanciya. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tangaran, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji bus. Nata tangaran ne, babu tsaga. Aka gwada matsin silinda, dukansu huɗun sun haura 10 a ma'aunin bar, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai 1 ba. Giya ba ta fita da kanta, ba ta kuka. A ra'ayina waɗannan ukun ne motar: casis, inji, giya. Sauran duk ana kwancewa da sifana mai lamba 12 da 14. Idan casis ya ruɓe, ko an yi masa walda a kan walda, a nan ne ake cewa Allah ya ji ƙan rai.

Na kai wa uwargida wannan lissafi ina taƙama. Ta juya littafin ta baya. Ashe tana da nata shafin: kwanakin da Gwaggo ta kwana a gareji. A shekara guda, 61. A gefen kowanne ta rubuta kuɗin motar hayar da ta ɗauko kaya a madadinta. "Kai kana lissafin ƙarfe," ta ce, "ni ina lissafin cefane."

Sai na sa ta a kasuwa. Ɗan gwangwan ne ya fara zuwa, bai ko nemi makulli ba, ya zagaya ta yana tambayar nauyinta. Na kore shi. Dillali ya kai ni ganin wata ƙirar baya-bayan nan, mai sheƙi, fitilu uku na kunne a gaban sitiyari, ya ce ba komai, sansa ce kawai, za a sa kwamfuta. Na tambayi kuɗin, na nemi wurin zama. Ciwon Gwaggo dai na san shi shafi-shafi, na waccan kuwa sai na sayi sabon littafi kafin in fara sani.

Ana haka, ranar da aka mayar da farfela da sabon kuros, aka samo icce aka tokare rumfa, Oga ya ja ni gefe ya rage murya.

"Alhaji, na ji za ka sayar. In dai da gaske ne, kada ka kai ta nesa. Ni ina so."

Na dube shi. Mutumin da ya ga hanjinta sau uku, wanda ya san kowace ƙusa da ya ɗaure da wadda ya manta, shi ne yake son ta da kuɗinsa. Na ce masa na fasa. Na taho gida ina jin kamar na ci riba, har na tsaya a Kurna na sayi tsire.

Da asuba na murza makulli. Tari ɗaya, tari biyu, sai ƙas. Na sake, ƙas. Fitilu na ci, hon na yi, kik ne dai ya ƙi. Na ɗauko sifana na ƙwanƙwasa shi yadda aka saba, ko gezau. Na kira Oga, ya ce in nemi riwaya mai gyaran wutar mota, burushin kik ne, sannan ya ƙara da cewa tayinsa na jiya yana nan, sai dai yanzu za a cire kuɗin kik.

Da na ɗago kai, uwargida tana tsaye a bakin zaure da sabon littafin a buɗe a shafin farko. "Yau nawa ga wata?" ta ce.