Fili ɗaya, masu shi uku

Wallahi abin da dillalan filaye ke yi a Katsina ya isa haka nan. Ka yi shekara da shekaru kana tari, ka sayi fuloti can bayan gari, wajen hanyar Batsari ko ta Dutsin-Ma. A yage takarda daga littafin ɗan makaranta a rubuta ciniki, shaidu biyu su dangwala yatsa, dillali ya soke la'adarsa a aljihu. Ranar da ka kai tifar yashi sai ka iske wani ya tona harsashi, har bulo ya hau layi uku. Shi ma ga tasa takardar, hatimi iri ɗaya da naka!

Ka kira dillali, wai, "Alhaji a yi haƙuri, magada ne, kowa ya sayar bai gaya wa ɗan'uwansa ba." To ina ruwana da rabon gadonsu? Lokacin ƙirga kuɗi ai ba wanda ya ambaci magada.

A je kotu kuwa sai ɗage zama, yau lauya bai zo ba, gobe shaida ya yi tafiya. Can kuma a tuna maka tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni amana ce a hannun gwamna, ina satifiket ɗinka? Siminti kuma kullum sai ƙara tsada yake yi.